ABIN DA ZA KA TARAR A ASIBITIN ƘWAƘWALWA DA GYARAN HALI

Gabatarwa

An shirya wannan ɗan littafi domin wayar da kan jama'a masu karanta Hausa a ko'ina cikin Nijeriya, musamman 'yan'uwanmu mazauna Ikko da kewayenta, watau Alaba Rago da Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende. Nufinsa shi ne ya bayyana dalla-dalla abin da mutum zai tarar idan ya je neman taimako a kan ciwon ƙwaƙwalwa, ko damuwa mai tsanani, ko shaye-shaye, ko wata ɗabi'a da ta gagari mutanen gida.

Mutane da yawa suna ƙin zuwa irin wannan asibiti don ba su san abin da ake yi a cikinsa ba. Wani yana zaton da zarar ya sa ƙafa za a ɗaure shi. Wani kuma yana tsoron kada labari ya isa gida a Arewa, a ce wane ya haukace a Kurmi. Saboda wannan tsoro sai a yi ta jinkiri shekara da shekaru, har mai sana'a ya rasa jarinsa, aure ya mutu, yaro ya bar makaranta. Rashin sani ya fi dare duhu. Gaskiyar magana ita ce, mafi yawan aikin da ake yi a can tambaya ce da tattaunawa da koyarwa, kuma mafi yawan masu zuwa sukan koma gida a ranar.

1. Wa ya kamata ya nemi taimako?

Ba sai mutum ya tuɓe tufafi ya shiga kasuwa ba kafin a ce yana bukatar likita. Ga waɗansu alamu da ya kamata a lura da su:

(a) baƙin ciki wanda ya wuce mako biyu bai yaye ba, tare da rashin barci, ko rashin cin abinci, ko mutum ya daina jin daɗin abin da a da yake so;

(b) faɗuwar gaba da tsoro ba tare da wani dalili a fili ba;

(c) jin muryoyin da sauran mutane ba sa ji, ko zargin cewa kowa yana shirya masa sharri;

(d) shan ƙwaya ko kodin ko tiramadol ko wiwi ko sholisho, har mutum ya kasa bari ko da ya so;

(e) rikicewar mace bayan haihuwa, ta ƙi jaririnta ko ta riƙa kuka ba iyaka;

(f) yaron da ya daɗe bai fara magana ba, ko ba ya haɗa ido da mutane, ko ba ya iya zama wuri guda, ko yana buga kansa da bango.

Zaman neman abinci a Ikko yana da nauyi. Ga nisa da iyali, ga kwana a rumfa, ga tsadar haya, ga asarar da gobara ko rusau kan jawo dare ɗaya. Waɗansu 'yan dako da masu gadi da direbobi sukan fara shan ƙwaya don su jure wa aiki, daga baya ƙwayar ta fi ƙarfinsu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a shekarar 2018 ya nuna mutum miliyan 14 da dubu 300, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, kuma ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. Ashe ke nan wannan matsala ba ta gida ɗaya ba ce.

Idan kuwa mutum ya fara maganar kashe kansa, ko yana neman ji wa wani rauni, to kada a jira gari ya waye. A kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ko a buga lamba 112, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

2. Ina za a je?

Tun shekarar 1991 manufar Gwamnatin Tarayya ta sanya kula da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya na matakin farko. Don haka ana iya farawa daga ƙaramin asibitin unguwa ko babban asibitin yanki. Idan abin ya fi ƙarfinsu, sai su ba da takardar turawa zuwa gaba.

A Ikko, babban wurin wannan aiki shi ne Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba, wanda aka buɗe tun 1907. Yana da reshe a Oshodi inda ake duba yara da matasa. Akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja, wanda ya fi kusa da mutanen Agege. A Abeokuta akwai asibitin Aro.

Wanda zai koma gida kuwa, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau ta Kano, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ban da sassan da ke Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ɗan ci-rani da ya fara magani a Yaba, in damina ta kusa yana shirin tafiya noma, sai ya gaya wa likita tun da wuri, a rubuta masa takardar da zai kai asibitin da ya fi kusa da garinsu, don kada magani ya yanke.

3. Ma'aikatan da za ka gani

Aikin nan hannu da yawa ke yin sa, kowa da nasa ɓangare.

Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne da ya ƙara karatu a wannan fanni. Shi ne yake gano irin ciwon, shi ne kuma yake rubuta magani.

Masanin halayyar ɗan'adam yana gwajin tunani da fahimta, kuma shi ne yakan zauna da mutum mako-mako ana tattaunawa.

Nas ta wannan sashe tana ba da magani da allura, tana lura da yadda mara lafiya yake kwana da tashi.

Ma'aikacin jin daɗin jama'a yana duba abin da ya shafi gida da wurin aiki da kuɗin magani. Wanda ba shi da hali, wannan ofishi ya kamata ya nema ya faɗi damuwarsa.

Akwai kuma mai koyar da ayyukan yau da kullum da sana'ar hannu, da mai koya wa yara magana.

4. Ranar farko

A yi sammako, domin layi yakan yi tsawo. A taho da kuɗin yankan kati da na gwaji, da duk wata takardar asibiti ta baya, da kwalaye ko kwalaben duk abin da mara lafiya yake sha, har da na gargajiya. Ya kamata wani wanda ya san shi sosai ya rako shi, wanda zai iya faɗin yadda yake a da da yadda ya koma yanzu.

Ma'aikata da yawa a Ikko ba sa jin Hausa. In mara lafiya ba ya jin Turanci ko Yarabanci, a zo da tafinta, amma a bar shi ya zaɓi wanda ya yarda da shi, domin akwai maganar da mutum ba zai iya yi a gaban ƙanensa ko maigidansa na kasuwa ba. Mace tana iya roƙon a sa ma'aikaciya mace ta zauna tare da ita.

Bayan an yanki kati an auna jini da zafin jiki, sai a shiga wurin likita. Zaman farko yakan kai awa guda, wani lokaci ma ya wuce. Likita zai yi tambayoyi masu yawa: yaushe abin ya fara, yaya barci, yaya cin abinci, ana shan wani abu, akwai wani a dangi da ya taɓa irin wannan, yaya zaman aure, an taɓa tunanin mutuwa. Waɗansu tambayoyin suna da nauyi a al'adarmu, amma ba don cin fuska ake yin su ba. Kunya a gaban likita asara ce. Wanda ya ɓoye cewa yana shan tiramadol, alal misali, ana iya ba shi maganin da bai dace da shi ba.

Ana iya tura mutum gwajin jini ko fitsari, ko hoton kai, saboda waɗansu cututtukan jiki, kamar zazzaɓi mai tsanani da ciwon sukari da farfaɗiya da buguwa a ka, sukan rikitar da hankali. A ƙarshe likita zai faɗi abin da ya gani da shirin da za a bi, sa'an nan ya sa ranar dawowa. Kafin ka tashi, ka tambayi sunan ciwon, da tsawon lokacin magani, da abin da za ka yi idan abin ya tashi da dare. Matambayi ba ya ɓata.

5. Magani ta hanyar tattaunawa

Wannan shi ne abin da ya fi ba mutane mamaki. Wani yakan fito yana cewa, "Na biya kuɗi, ko allura ba a yi mini ba, sai surutu." To wannan zama shi kansa magani ne, kuma yana da tsari.

Akan haɗu sau ɗaya a mako ko a mako biyu, kowane zama kamar minti 45 zuwa awa guda. Yawanci akan yi zama 6 zuwa 20, gwargwadon matsalar. A zaman farko za a amince a kan abin da ake son cimma, kamar mutum ya koma kasuwa, ko ya sami barci, ko ya daina dukan iyalinsa.

Ga misalin yadda abin yake tafiya. A ce wani mai sayar da tumaki ya yi asarar jarinsa, ya shige ɗaki ya daina fita, yana cewa a ransa, "Ni kam na ƙare, kowa dariya yake yi mini." Masanin zai bi wannan tunani tare da shi a hankali. Wa ya gani yana dariya? Ba a taɓa samun wanda ya karye ya sake tashi a kasuwar nan ba? Sa'an nan ya ba shi ɗan aikin da zai yi kafin zama na gaba: wannan mako ya fita sallar jam'i sau ɗaya a rana, mako mai zuwa ya je ya gaida abokin ciniki guda, na gaba ya zauna a rumfar wani na awa biyu. In ya dawo, sai a duba abin da ya yiwu da abin da ya gagara. Da haka tunani yake sauyawa, jiki ya bi.

Mai tsoro kuma ana koya masa yadda zai sarrafa numfashinsa, kana a riƙa kusantar da shi ga abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan har ya saba. Akwai zaman miji da mata, akwai na iyali duka, akwai kuma na ƙungiya inda masu matsala iri ɗaya suke ƙarfafa wa juna gwiwa.

A sani cewa masanin ba alƙali ba ne, ba zai yanke wa mutum hukunci a kan aurensa ko sana'arsa ba. Kuma a makonnin farko mutum yana iya jin zuciyarsa ta ƙara nauyi, don an taɓo abin da ya daɗe a rufe. Wannan ba dalilin daina zuwa ba ne. A gaya wa masanin.

6. Gyaran halin yara

Idan yaro ne, iyaye su ne manyan ma'aikata, domin awa guda yake yi a asibiti, sauran mako duka yana gida. Za a tambayi uwa labarin ciki da haihuwa, da lokacin da ya zauna, ya yi tafiya, ya yi magana. Za a zuba masa ido yana wasa. Ana iya auna jinsa, don wani yaron da ake cewa mai taurin kai ne, ashe kunne ne ba ya ji sosai.

Daga nan za a ce iyaye su riƙa lura da abu uku duk lokacin da halin ya tashi: me ya faru kafin, me yaron ya yi, me aka yi masa bayan haka. Misali, yaro yakan faɗi ƙasa yana birgima duk sa'ad da aka wuce mai alewa, uwa kuma don kunyar mutane sai ta saya masa. To yaron ya koyi cewa birgima ita ce kuɗin alewa. Gyaran shi ne a koya masa ya nuna da hannu ko ya faɗi kalma, a yaba masa nan take in ya yi haka, a kuma daina biyan birgima. A kwanakin farko kukan zai ƙaru kafin ya ragu. In uwa ta hana, kaka ta bayar, aiki ya koma baya. Don haka tilas ne uba da uwa da abokiyar zama da yayye da malamin makaranta su zama baki ɗaya.

Duka ba ya cikin wannan tsari. Yana iya tsayar da yaro na ɗan lokaci, amma ba ya koya masa abin da ake so ya yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka kada a jira a ce zai daina in ya girma.

7. Mai shaye-shaye

Aikin yana da mataki biyu. Na farko shi ne fitar da ƙwaya daga jiki a ƙarƙashin kulawar likita, wanda yakan ɗauki kwanaki ko 'yan makonni. A wannan lokaci mutum yakan yi gumi da rawar jiki da ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Wanda ya daɗe yana shan giya ko ƙwayar barci, haɗari ne ya bari farat ɗaya a gida, don yana iya jawo masa jijjiga.

Mataki na biyu ya fi tsawo, shi ne koyon zama ba tare da ita ba: gane abokai da wurare da lokutan da ke jawo sha'awa, da sanin abin da za a ce in an miƙo, da samun aikin yi. Wani yakan koma sha bayan ya bari. In haka ta faru, kada a ce an yi asarar kuɗi a kore shi. A maido shi asibiti da wuri. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ban da kama masu fatauci tana kuma da sashen ba da shawara da gyaran hali.

8. Ƙwayoyi da allura

Ba kowa ake ba ƙwaya ba. Wanda aka ba, ga abin da ya kamata ya sani. Maganin damuwa yakan yi mako biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsa sosai, kuma akan ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi. Waɗansu magunguna sukan kawo barci, ko bushewar baki, ko ƙiba, ko sandarewar wuya da rawar hannu. In an ga haka a koma wurin likita, yana iya rage shi ko ya sauya wani. Kada a daina sha don an ga sauƙi, kada a sha na wani, kada a saya a hannun mai talla. Mai ciki da mai shayarwa su faɗa tun farko. In azumi ya gabato, a tambayi likita yadda za a daidaita lokacin sha.

9. Kwanciya a asibiti da haƙƙin mara lafiya

Ana kwantar da mutum ne idan rayuwarsa ko ta wani tana cikin haɗari, ko ya daina ci da sha, ko maganin yana bukatar a sa masa ido dare da rana. Akwai ɗakunan maza dabam, na mata dabam, da lokacin ziyara. Da ya sami sauƙi za a sallame shi ya riƙa zuwa daga gida.

A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Jihar Legas ma tana da tata dokar tun 2019. Bisa dokar ƙasa, mara lafiya yana da haƙƙin a riƙe masa sirrinsa, a yi masa bayanin maganin da za a ba shi, a nemi yardarsa, kuma kada a nuna masa bambanci wajen aiki ko wurin zama saboda ciwonsa. Kwantar da mutum ba da yardarsa ba yana da sharuɗɗa da doka ta gindaya. Wanda ya ga an wulakanta ɗan'uwansa yana da ikon kai ƙara ga shugabannin asibiti.

Jama'a za su tuna cewa a watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa. Iyayensu gyara suka je nema. Duk wurin da ake sa mutum a turu ko mari, ko ake dukansa, ko ake hana shi abinci, ko ake hana dangi ganinsa, kada a kai kowa can, kome sunan da aka sa wa wurin.

10. Iyali da addu'a

A shekarar 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro. Maimakon a kulle marasa lafiya, sai aka sauke su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowa tare da wani danginsa, suna zuwa karɓar magani da rana. Ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Wannan tsari ya yi suna a duniya, shi kuma daga baya ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Darasin da aka koya shi ne, mutum ya fi saurin warkewa a cikin mutanensa.

Saboda haka ba a hana kowa addu'a ko neman albarkar malamai ba. Abin da ake roƙo shi ne a haɗa da zuwa asibiti, kada a ce a ajiye ƙwaya sai an gama wani abu, kuma a gaya wa likita duk jiƙon da ake sha. Mutanen gida su tuna masa ranar komawa, su riƙa cin abinci tare da shi, su ba shi ɗan aikin da zai iya, su daina kiransa da sunan ciwonsa. Mai jinya ma yana gajiya, sai a riƙa karɓarsa. Ana kuma kira ga sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa a Alaba Rago da Agege da sauran zango-zango su taimaka wa baƙon da ba shi da kowa a Ikko da ɗan rakiya da tafinta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kammalawa

Kada mai karatu ya sa ran warkewa a zuwa ɗaya. Zai tarar da layi, zai kashe kuɗin mota, za a yi masa tambayoyi masu nauyi, za a kuma ba shi aikin da zai yi da kansa a gida. Waɗansu sukan warke sarai cikin 'yan watanni. Waɗansu kuma ciwon yakan zauna da su kamar hawan jini, amma da magani suna sana'arsu, suna riƙe da iyalinsu. Wanda ya zo da wuri ya fi samun sauƙi, kuɗin da zai kashe ma ya fi ƙanƙanta.

Idan ka gama karanta wannan ɗan littafi, ka karanta wa wanda bai iya karatu ba, sa'an nan ka miƙa shi ga maƙwabcinka. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa masu jinya haƙuri, amin.